Famfon mai yana ɗaukewa idan tafiya ta yi nisa: Volkswagen T3 ta 1988 mai wurin kwana

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wutar mota, domin matsalar da zan bayyana ta shafe wata huɗu tana hana ni sukuni. Ina zaune kusa da Hannover a ƙasar Jamus, kuma shekara uku ke nan da na sayi tsohuwar bas ƙirar Volkswagen T3 ta shekarar 1988, irin wadda kamfanin Westfalia ya gyara cikinta da gado da murhu da ƙaramin firji, rufinta kuma yana ɗagawa sama idan an yi zango. Injinta na fetur ne, mai lita 2.1, yana baya, yana aiki da nozul da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da ake kira Digifant, ba da kafireta ba. Da ita nake fita da iyalina lokacin hutun makaranta, kuma a shekara biyun farko ba ta taɓa ajiye mu a hanya ba.

Da safe tana tashi bugu ɗaya, kuma idan na murɗa makulli kafin in buga kik nakan ji famfon mai ya yi ƙara ta kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin mota, kamar yadda ya saba. Amma idan na yi tafiyar minti arba'in zuwa awa ɗaya, sai ta fara shaƙewa kamar mai ya ƙare, ƙarfinta ya ragu a hankali, daga nan ta mutu. A wannan lokacin kik yana juya inji da ƙarfinsa, fitilun gaban direba duk suna kamawa, sai dai ƙarar famfon ba ta nan. Idan na jira kamar rabin awa, ƙarar takan dawo, motar ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Na kai ta wani gareji, aka ce famfon ne ya tsufa, aka canza shi tare da filta. Na yi sati biyu cikin kwanciyar hankali, ina zirga-zirga a cikin gari kawai, sai ranar da muka kama hanyar garin Goslar ta sake mutuwa a gefen titi, yara suna ciki, ana yayyafi. Bayan haka na sayi sabon rile na famfon, wato ƙaramin makunnin da ke ba shi wuta, na saka da kaina, amma ba abin da ya sauya. Na kuma cire wayoyin biyu daga jikin famfon na auna su da mita, wani yana murɗa mini makulli, na ga volt 12 da ɗoriya, abin da ya sa na ɗauka wuta tana isowa lafiya. Shin sabon famfon ne ya zo da lahani, ko ƙwaƙwalwar ce ta fara lalacewa? Ba na son in ci gaba da sayen kaya ɗaya bayan ɗaya ba tare da na san takamaiman inda ciwon yake ba.

Tsohon Riwaya:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Ni aikin wayar mota na yi a Kaduna fiye da shekara talatin kafin idanuna su gaji. Irin bas ɗinka da suka riƙa shigo mana ta Kwatano yawancinsu masu kafireta ne ko masu dizal, amma wannan tsarin na Digifant mun sha aiki a kansa a Golf da Jetta da Passat, kuma dokar wutar ɗaya ce.

Zan fara da awon da ka yi, domin a nan kuskuren yake. Ka cire wayoyin daga jikin famfo sannan ka auna, wato ka auna waya ba ta ɗauke da kaya. Mita ba ta shan wutar kirki, saboda haka ko da sili ɗaya ne ya rage a cikin waya, ko mahaɗar da tsatsa ta cinye, za ta nuna maka volt 12 cif. Famfo kuwa yana jan kamar amfiya 4 zuwa 6, kuma sai an ja wannan nauyin ne raunin waya yake bayyana. Kamar rijiya ce da za ka leƙa ka ga ruwa, amma guga biyu ka ja ta ƙafe. Abu na biyu, ban ji ka ce ka yi awon a lokacin da motar ta mutu ba. Ciwon da yake zuwa da zafi ba a samunsa a mota mai sanyi, don haka ka sa kayan awo a cikin motar, ka zaga kusa da gida har sai ta ɗauke, sannan ka auna nan take kafin ta huce.

Kayan da kake bukata kaɗan ne: mitarka, ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55 da ka haɗa wa wayoyi biyu, da guntuwar waya mai fis na amfiya 15 a tsakiyarta. Ƙwan wat 55 yana jan kusan amfiya huɗu da rabi, kusan daidai da famfon, shi ya sa nake fifita shi a kan ƙaramar fitilar gwaji da ake sayarwa.

Da zarar ta mutu, ka ɗora yatsa a kan rilen famfon wani ya murɗa makulli. Idan ba ka ji ya yi ƙas ba, to umarni ne ba ya zuwa, sai mu nemi matsalar a ɓangaren makulli da ƙwaƙwalwa. Idan ya yi ƙas amma famfo shiru, ka zare rilen ka dubi lambobin da ke ƙafafunsa. A motocin Jamus lamba 30 ita ce wutar da ke zuwa daga batir kai tsaye, 87 ita ce mai fita zuwa famfo, 85 da 86 kuma su ne na ƙaramin naɗin da ke jan rilen. Ka haɗa ramin 30 da na 87 da wayar nan mai fis. Yanzu famfon ya kamata ya yi ta aiki ba tsayawa, ko da makulli yana aljihunka, kuma hakan ya ba ka lokacin awo a natse maimakon daƙiƙa biyun da ƙwaƙwalwa take bayarwa.

Ka bar wayoyin a jikin famfo, ka auna wurare uku: wutar batir a kan kawunansa, wutar da ke ramin 87, da wutar da ke kan ƙafar famfon. Bambancin da ke tsakanin batir da famfo bai kamata ya wuce rabin volt sosai ba. Daga nan ka sa bakin mita ɗaya a ƙafar at ta famfon, wato wadda ke haɗe da jikin mota, ɗayan a kan ƙarfen mota mai tsabta ko kan batir na at. Abin da za ka gani a nan ya kamata ya tsaya wajen volt 0.2. Mutane suna mantawa da wayar at, alhali duk wutar da ta shiga famfo ta nan take komawa, kuma a ƙasarku da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi ina kyautata zaton tsatsa ta yi aiki a wurin. Idan wuta ta cika a ƙafafun biyu amma famfo bai motsa ba, a lokacin ne kawai za ka zargi famfon. Ka yi wannan aikin a fili, ba sigari ba wuta a kusa, kuma ka zare wayar haɗin da zarar ka gama.

Ɗan Agadas:

Sallama gare ku. Abin da Baba ya faɗa shi ne tushe, ni zan ƙara abin da ya shafi wannan motar ita kanta, domin ina da irinta ta 1989 a nan Beljiyam. Tun ina yaro nake ganin Turawa suna ratso Sahara da su ta Tamanrasset da Arlit su sauka a garinmu, shi ya sa da na samu hali ita na fara nema.

Rile biyu ne a cikin baƙin akwatin roba da ke ɗakin inji ta hannun hagu, a saman kwayil. Ɗaya yana ba ƙwaƙwalwa wuta, ɗayan na famfo ne, kuma na famfon ba zai ja ba sai na farkon ya yi aikinsa. Don haka canza na famfo kaɗai bai wanke akwatin daga zargi ba. Tsofaffin rile sukan samu tsagewar dalma a cikinsu, su yi aiki da sanyi su saki da zafi, kuma ramukan da suke zama a ciki sukan buɗe har ƙafar rile ta riƙa rawa. Ƙwaƙwalwar tana ƙarƙashin kujerar baya, soket ɗinta mai ƙafa 25 ne, kuma ita ce take ba rilen famfo at idan ta ga dama. A tawa babu fis a layin famfon ko kaɗan, saboda haka kada ka ɓata lokaci a akwatin fis na gaba, kuma kada ka yi wasa da fis ɗin da Baba ya ce ka sa a wayar haɗi.

Za ka ji masu irin motar suna cewa na'urar Hall da ke cikin distiribita ce, kuma gaskiya tana yawan kawo mutuwar inji, musamman idan soket ɗinta mai waya uku ya karye. Ƙwaƙwalwa ba ta barin famfo ya ci gaba da aiki sai tana samun alamar cewa inji yana juyawa, kuma daga wannan na'urar alamar take fitowa. Amma a naka bayanin akwai abin da ya sa ban karkata can ba. Ƙarar farko ta daƙiƙa ɗaya ko biyu tana zuwa ne kafin inji ya juya, ba ta jiran distiribita, kai kuma ka ce ita kanta wannan ƙarar ɓacewa take yi. Haka nan mutuwar da Hall ke kawowa farat ɗaya take zuwa, kamar an kashe makulli, taka kuwa shaƙewa take yi a hankali, alamar mai ne yake raguwa. Wannan dalilin ne kuma ya sa ban zargi ma'aunin iskar da ke kan akwatin filtar iska ba, wanda shi ma yakan sa waɗannan motoci sarƙewa a doguwar tafiya, domin a wannan ciwon famfo yana ci gaba da ƙararsa.

Wuraren at da za ka duba su ne tarin wayoyi masu ruwan ƙasa da aka ɗaure a bangon ɗakin inji kusa da kwayil, waɗanda ke kan injin ta hagu, faffaɗar wayar da ta haɗa giyabos da jikin mota, da gajeriyar wayar famfon kanta da aka ɗaure a shasi. Sannan ka tuna motar zango ce da ta wuce hannun mutane da yawa cikin shekara talatin da wani abu. Kowane mai ita yakan ƙara wani abu, ko batir na biyu, ko rediyo, ko fitilar karatu, ko na'urar hana sata, kuma ba kowa ne yake haɗa waya yadda ya kamata ba. Duk wayar da ka ga launinta bai dace da na kusa da ita ba, ko aka naɗe ta da salatif, ka bi ta har ƙarshenta.

Baban Hanifa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da ɗan'uwana na Agadas. Jiya Asabar na yi yadda kuka ce. Na yi ta zagaya unguwa da wani maƙwabcina har minti hamsin, ta mutu a wani filin ajiye motoci, muka fara awo nan take.

Rile biyun duk suna yin ƙas idan an murɗa makulli. Da na haɗa 30 da 87, famfon ya yi wani gurnani mai rauni sannan ya yi shiru. Batir yana nuna 12.4, ramin 87 yana nuna 12.2, amma a kan ƙafar famfon 7.6 kawai na samu. A ɓangaren at na ga 0.5. Da na cire famfon na sa ƙwan fitilar a madadinsa, sai ya kama ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, alhali da na gwada shi a kan batir haskensa har kashe ido yake yi. Don in tabbatar da maganar Baba, na cire ƙwan na auna wayar ita kaɗai, sai ga 12.2 ta dawo. Na kuma ja doguwar waya mai fis daga batir kai tsaye zuwa famfon, ya tashi da cikakkiyar ƙararsa. Ina ganin ke nan famfon da ƙwaƙwalwar duk lafiyarsu ƙalau, wutar tana ɓacewa ne tsakanin akwatin rile da famfon. Sai dai wayar ta shige cikin damin wayoyi, ban san ta inda zan fara buɗewa ba.

Direban Dare:

Malam, tunda ka ga famfon yana aiki da wayar da ka ja, me zai hana ka huta? Mu a nan idan irin wannan ta faru a hanyar Kano zuwa Legas, dairek ake yi: a ja sabuwar waya daga bayan makulli zuwa famfo, a manta da rile da tsohuwar wayar gaba ɗaya. Na yi shekara biyu da wata bas a haka ba ta ba ni matsala ba, kuma aikin bai fi minti ashirin ba.

Tsohon Riwaya:

Direban Dare, na san ana yin haka, ni ma an sha roƙona in yi, amma ban yarda da shi ba sai dai don a fitar da mota daga daji zuwa gari. Waɗanda suka ƙera motar sun bi da famfon ta hannun ƙwaƙwalwa ne domin ya tsaya da kansa idan inji ya tsaya. Idan aka yi dairek, ranar da aka yi hatsari ko tiyo ya fashe, inji zai mutu amma famfo zai ci gaba da feso fetur da matsin bar biyu zuwa biyu da rabi a kan inji da salansa masu zafi, har sai wani ya tuna ya kashe makulli. Wannan mota ce da yara suke kwana a cikinta, gadon kuma a kan injin yake. Ban da haka, ƙafafun makullin ba a yi su don ɗaukar ƙarin amfiya biyar ba, a tsohuwar mota kuma sun riga sun gaji.

Baban Hanifa, awonka ya yi kyau, kuma ya gaya maka fiye da yadda kake zato. Ka yi asarar fiye da volt huɗu a layin da ke ɗauke da amfiya huɗu ko biyar, wato kusan wat ashirin na zafi, kuma waya lafiyayya ba ta zubar da wannan a tsawonta. A wuri ɗaya yake taruwa, a wata mahaɗa ko wani makunni. Shi ya sa ciwon yake jiran minti arba'in: wurin yana ɗumama kansa da kansa, ƙarfen ya saki, wutar ta ƙara raguwa, har famfo ya kasa juyawa, idan ya huce kuma ya sake kamawa. Saboda haka ba sai ka farke damin wayoyi duka ba. Ka haɗa 30 da 87, ka sa ƙwan fitilar a madadin famfo na minti biyar zuwa goma, sannan ka bi layin da bayan hannunka, inda ka ji ɗumi nan ne. Wani kuma ya riƙa kallon ƙwan yayin da kake girgiza wayoyin gaɓa-gaɓa, domin haskensa zai yi tsalle idan ka taɓa wurin. Wannan 0.5 na at shi ma ya yi yawa. Ka kwance shi, ka goge ƙarfen har ya yi fari, ka sa sabon kan waya, ka ɗaure, sannan ka shafa girisi a kai.

Baban Hanifa:

Alhamdu lillahi, an samu wurin. Da muka sa ƙwan muka fara girgiza wayoyi, haskensa ya yi tsalle lokacin da na taɓa wani dami a gaban ɗakin inji, inda na ga wayoyi biyu baƙaƙe sirara sun fito daga cikin salatif sun shige ta wani rami zuwa cikin mota. Na bi su har ƙarƙashin kujerar baya, a bayan wani katako, sai ga ƙaramin makunni da ban taɓa sanin da shi ba a shekara ukun nan. Wani daga cikin waɗanda suka riƙe motar kafin ni ya yanke wayar famfon ya bi da ita ta wannan makunnin don maganin ɓarayi. Robar bayansa ta narke ta yi baƙi, ɗaya daga cikin ƙafafunsa tana lilo, mahaɗar da aka matse wayoyin da ita kuma ta yi kore da tsatsa. Bayan minti biyar da ƙwan a kunne ban iya riƙe makunnin da yatsa ba saboda zafi, kuma a jikin busasshen katako yake, kusa da inda muke ajiye barguna.

Na cire makunnin da wayoyinsa gaba ɗaya, na haɗa wayar asali da guntuwa mai kaurin milimita 2.5, na yi mata dalma na rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Na gyara at ɗin famfon yadda Baba ya ce, na kuma kwance na kusa da kwayil na goge su. Yanzu idan inji yana aiki batir yana nuna 13.9, ƙafar famfon 13.5, ɓangaren at kuma 0.1. Na yi tafiyar awa biyu da rabi zuwa Goslar da dawowa ba tare da ta yi ko tari ba. Tsohon famfon da aka cire, wanda na karɓo a kwali, na gwada shi a kan batir na ɗan lokaci ya juya lafiya, don haka zan ajiye shi a mota saboda tafiya.

Wani abu kuma ya fito a wajen aikin. Da nake kwance a ƙarƙashin motar na ga tiyon mai da ya tashi daga filta zuwa inji ya yi tsage-tsage a bakinsa, kuma da na matsa shi sai na ji warin fetur a yatsana. Ɗan'uwana na Agadas, da ka canza naka, duka ka canza har da gajerun da ke kan nozul, kuma wane irin tiyo ka saya da zai jure fetur mai gaurayen etanol da ake sayarwa a nan?

Ɗan Agadas:

Barka da arziki. Duka za ka canza, kuma kada ka sake doguwar tafiya kafin ka yi, domin tiyon da ya tsage a waje ɗaya sa'annin sauran ne. Ka nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na injin nozul ne mai jure matsi da etanol, irin mai lamba 30R9, kada ka karɓi na kafireta ko da kaurinsu ɗaya. Ka sayi maɗaurai masu santsin ciki waɗanda ba sa yanka roba. Akwai kuma wata mahaɗar roba fara a bangon gaban ɗakin inji inda tiyon yake ratsawa, wadda takan bushe ta karye da tsufa, a tawa na cire ta na sa ta ƙarfe. Kafin ka zare kowane tiyo ka cire kan batir na at, ka naɗe bakin da tsumma saboda sauran matsin da ke ciki, idan ka gama kuma ka mayar da kan batir, ka haɗa 30 da 87 na minti ɗaya inji a kashe, ka bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda ka ga ko za ta jiƙe.